Didot da Bodoni a kwalin turare da mujalla: me ke cinye siraran layukan?

Ɗalibar Zane:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman haske a kan haruffan nan masu ginshiƙi mai kauri da layi siriri kamar silin gashi, irin su Didot da Bodoni, waɗanda ake gani a goshin mujallun ado da kwalayen kayan alfarma. Aikin da ke gabana na turare ne: tambari, baƙin kwali mai rubutun zinare, ɗan littafin talla mai shafi 24, sai shafin intanet. A fuskar kwamfuta komai ya fito tsaf. Da aka yi gwajin bugu kuwa, sandar tsakiyar H ta ɓace a bayanin da ke ƙasan hotuna, e ta koma kamar c, farin rubutun da ke kan baƙin shafi kuma ya cushe.

Shin akwai girman da bai kamata a sauko ƙasa da shi ba? Font ɗaya zai iya ɗaukar tambari da kanu da gundarin rubutu, ko dole a haɗa shi da wani? Kuma me zan gaya wa maɗaba'a game da zinaren? Na gode.

Mai Haruffa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin maganar wane font za ki zaɓa, auna silin tukuna, domin duk sauran hukunci a kansa yake rataye. An ce ido ba mudu ba ya san ƙima, amma a wannan aikin mudun ake buƙata, tunda fuskar kwamfuta tana nuna miki harafin a faɗaɗe.

Ki buɗe Illustrator ko Inkscape, ki rubuta babban H a girman pt 1000 (pt shi ne ma'aunin girman harafi), ki mayar da shi zane, sannan ki duba kaurin sandar tsakiya a pt. Adadin da kika samu shi ne kason silin cikin dubu na girman harafin. A ce kin samu 12. To a pt 60 silin zai zama pt 0.72, wato milimita 0.25, tunda pt ɗaya milimita 0.353 ne. A pt 24 ya sauko zuwa milimita 0.10. A pt 9, girman da aka saba ba bayanin hoto, milimita 0.04 ne kacal, bai kai kaurin gashin kan yawancin mutane ba. Ko injin ya yi ƙoƙari ya ajiye shi a takarda, ido ba zai riƙe shi ba alhali yana jingine da ginshiƙin da ya ninka shi sau goma ko fiye. Abin da mai karatu zai gani jerin turaku ne a tsaye, baƙi da fari suna walƙiya, shi ya sa sakin layi guda na irin wannan font yake gajiyar da ido. Idan kin juya lissafin sai ki sami amsar tambayarki ta farko: ki ɗauki mafi ƙarancin kaurin da maɗaba'a ta yarda da shi, ki ninka da 1000, ki raba da adadin da kika auna. Da sili mai 12 da iyakar pt 0.25, ƙasa da pt 21 ba naki ba ne. Wani font ɗin silinsa 30 ne, shi kuma zai sauka har pt 8 ko 9. Don haka babu girma ɗaya da za a ce shi ne iyakar "Bodoni", sai dai iyakar wannan yankan na Bodoni da ke hannunki.

Dalilin da ya sa na ce yanka yana cikin tarihin abin. Firmin Didot a Paris, wajen 1784, da Giambattista Bodoni a Parma ta Italiya, sun ɗora ne a kan abin da John Baskerville ya fara a Birmingham ta Ingila: takarda mai santsi, tawada mai kyau, bugu mai tsafta. Da waɗannan suka samu, sai ya yiwu a sirantar da layi fiye da da. Siffar kanta daga alƙalami mai tsinin baki ta fito, wanda idan ka danna shi a saukowa bakinsa ya buɗe layin ya yi kauri, idan ka sassauta ya koma sili. Shi ya sa kaurin yake miƙe sama da ƙasa sak, ƙafafun harafin da ake kira serif suke kwance sirara babu lanƙwasa a mahaɗarsu, kuma a, c, f, r suke ƙarewa da ɗan ƙwallo. Sunan Didone da ake kiran dangin da shi ma haɗin sunayen Didot da Bodoni ne, daga rabe-raben da Maximilien Vox ya yi a 1954.

To a zamaninsu kowane girma da hannu ake sassaƙa shi a ƙarfe, daban da ɗan'uwansa. Wanda ya duba kundin samfurin Bodoni, Manuale Tipografico, da matarsa ta fitar a 1818 bayan rasuwarsa, zai ga ƙananan haruffansa sun fi faɗi, silinsu ya fi kauri, tazararsu ta fi sakewa. Manyan ne kawai suke da kaifin nan da ake sha'awa. Da aka koma ɗab'i ta hoto, sannan kwamfuta, sai aka riƙa ɗaukar zane guda a ƙara masa girma ko a rage. Matsalarki daga nan ta samo asali: kina amfani da zanen da aka yi don kanu a wurin bayanin hoto.

Maganin shi ne ki nemi iyalin font da aka yi wa yanka-yanka. Didot ɗin da Jonathan Hoefler ya zana wa mujallar Harper's Bazaar a 1991 yana da girma bakwai: 6, 11, 16, 24, 42, 64 da 96, kowanne ana fara amfani da shi daga lambar da ke jikinsa zuwa sama. ITC Bodoni na 1994 yana da uku, na pt 6 da 12 da 72. A cikin na kyauta, Bodoni Moda yana da ma'aunin da ake ja daga 6 zuwa 96. Bauer Bodoni na 1926 kuwa, duk kyawunsa, silinsa na manyan girma ne, kada ki kai shi ƙasan hoto. Wata dabara: lambar yankan shawara ce, kina da ikon saɓa mata zuwa ƙasa. Rubutun pt 40 da za a buga fari a kan baƙi, ba laifi a ba shi yankan 16 ko 24. Akasin haka ne ba a yi.

Malam na Maɗaba'a:

Madalla da bayanin Malam Mai Haruffa. Ni kuma zan tsaya inda fayil ya bar hannun mai zane. 'Yata, abubuwan da kika lissafa cuta uku ce daban-daban, kowace da maganinta.

Ta farko, launi. Injin bugu bai san ruwan toka ko ruwan zinare ba, tawada huɗu ya sani, sauran launuka da ɗige-ɗige yake haɗa su. A bugu mai layi 150 a inci, kowane gidan ɗigo milimita 0.17 ne. Silin da kaurinsa 0.10 ne bai kai gida ɗaya ba, sai ya fito a tsintsinke kamar ɗinkin da ya warware. Saboda haka ƙaramin rubutu na wannan dangi a yi shi da tawada ɗaya cikakkiya: baƙi K100 zalla, ko launi na musamman na Pantone da ke da nasa farantin. Idan kin sa baƙi kashi 70 cikin ɗari don ya yi laushi, kin mayar da shi ɗige-ɗige ke nan. A tawada ɗaya a kan takarda mai santsi, pt 0.25 shi ne iyakar da yawancin maɗaba'u ke bayarwa.

Ta biyu, fari a kan baƙi. Farin ba tawada ba ne, takardar ce aka bari babu komai, tawadar da ke kewaye kuma kullum ciki take malalowa. Idan baƙin naki haɗi ne, misali C60 M40 Y40 K100, wato kashi 60 na shuɗi, 40 na ja, 40 na rawaya, 100 na baƙi, faranti huɗu ne za su sauka wuri guda, kuma gocewar milimita 0.1 tsakaninsu abu ne da ake ɗauka a matsayin daidai. Silin 0.10 ya rufe ke nan, ko ya fito da geza shuɗiya a gefe ɗaya, ja a ɗayan. Ki ninka iyakar zuwa pt 0.5, a takarda mai shan tawada ma ki ƙara. Sannan ki sa a janye sauran launukan uku daga bakin harafin: a zagaye farin rubutun da layin K100 zalla mai kaurin pt 0.25 daga waje, ta yadda faranti ɗaya ne kawai ke yanka siffar. Masu shirya faranti suna iya yin wannan da manhajarsu idan kin faɗa musu. Ki kuma duba kada farin rubutu ya kasance an sa masa umarnin hawa kan launin ƙasa, domin farin da aka ce ya hau ɓacewa yake yi gaba ɗaya. Baƙin rubutu ne ake ba wannan umarni.

Ta uku, zinaren, kuma a nan ne Didot ya fi wahalar da mu. Foyil, wato siririn fallen zinaren, da hatimin ƙarfe mai zafi ake manna shi, zafi sama da digiri 100 tare da matsi. Foyil ɗin iri-iri ne: akwai mai saurin saki wanda aka yi don cika faffaɗan wuri, akwai mai riƙo wanda aka yi don siraran layuka. Harafin da ke da ginshiƙi mai kauri da sili a jiki ɗaya yana buƙatar duka biyun a bugu guda. Ka ƙara zafi da matsi don ginshiƙin ya cika ba tare da ƙananan huji ba, sai zinaren ya yi geza a gefen silin, ya toshe idon e da a. Ka rage, sai silin ya ƙi kamawa. Hanyar tsira ita ce a rage ratar da ke tsakanin kaurin biyu: sili kada ya gaza milimita 0.25, gurbin da ke tsakanin layi biyu kada ya gaza 0.3. Da font mai sili 12, wannan yana nufin wajen pt 60, wanda sunan kamfani ne kawai zai kai a kwalin turare. Adadin mililita da sauran ƙananan bayanai a ba su wani font mai layi daidai-wa-daida. Ki tambayi mai yin hatimin nasa iyakar, don ta danganta da ƙarfen. Na maganiziyam ya fi araha kuma ya isa ƙaramin aiki, amma bakinsa yana saurin dakushewa. Na jan ƙarfe ko tagulla ya fi riƙe kaifi a aiki mai yawa.

Kwalin kansa, in da hali, a nemi takardar da aka rina baƙa tun daga masana'anta, a buga foyil a kai. Babu maganar gocewar faranti, kuma idan an lanƙwasa ba za a ga farin ciki ba. Takarda mai gurza-gurza kuwa, irin mai kamar saƙa, tana karya sili, tunda foyil kan tudun yake sauka ya tsallake kwarin. Haka ma tayar da harafi ya kumburo: sili ba shi da faɗin da zai tashi, sai dai ya tsage.

Gwajin firintar ofis kada ya ruɗe ki ta kowane ɓangare. Mai ɗigo 600 a inci, ɗigonta milimita 0.04 ne, sai ta zagaye silin zuwa ɗigo ɗaya ko biyu yadda ta ga dama, alhali farantin bugu ana yin sa da 2400 ko fiye. Ki turo PDF mai rubutu a matsayin rubutu ko zanen layi. Wanda aka mayar hoto mai 300 a inci ya riga ya mutu, kowane fiksel nasa 0.085 ne. Sannan ki sa sunan kamfanin a girma biyar a takarda ɗaya, a yi ƙaramin hatimin gwaji a buga a ainihin kwalin, ki je ki gani da gilashin ƙara girma. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ɗalibar Zane:

Allah ya saka da alheri, malamai. Na auna, silin nawa 9 ne ma, ashe ya fi misalin Malam muni. Saura biyu. Ba zan iya kauranta tambarin da Offset Path, umarnin nan na Illustrator mai ƙara wa zane kauri ta kowane gefe, ba kawai in huta? Sannan a shafin intanet, kanun suna kyau a waya amma a wata tsohuwar kwamfuta sun koma toka-toka, a wata kuma font ɗin ma ya canza baki ɗaya.

Mai Gina Shafuka:

Malama, na bar wa Malam Mai Haruffa ta farkon. Ta biyun lissafi ɗaya ne da na takarda, sai dai da fiksel. Sili mai 9 a kanu mai px 40 (px shi ne ma'aunin girma a shafin intanet) ya zama px 0.36. Wayoyin yanzu suna da ɗigo biyu ko uku a kowane px, don haka a mai uku silin ya sami ɗigo guda cif, ya fito. Tsohon allo mai ɗigo ɗaya ba shi da yadda zai kunna sulusin fiksel, sai ya shafa masa launi kaɗan, shi ne tokar da kika gani. Kafin silinki ya cika fiksel ɗaya a irin wannan allon sai kanun ya haura px 110.

Idan font ɗin mai sauyawa ne, tsarin da ya shigo da OpenType 1.8 a 2016, kuma yana da ma'aunin opsz, wato ma'aunin yanka gwargwadon girma, burauza da kanta take zaɓar yankan da ya dace da girman muddin font-optical-sizing yana kan auto. Amma ita girman px take kallo, ba ta damu da ingancin allon ba. Sai ki sa hannu: ki kafa font-variation-settings da "opsz" 18 ko 24 ga kowa, sannan a cikin media query na min-resolution 2dppx, wato sharaɗin da ke aiki a allo mai ɗigo biyu ko fiye a kowane px, ki sake shi ya hau sama. Ki tabbatar fayil ɗin da kika ɗauko yana ɗauke da ma'aunin, domin hanyar da ake kiran font daga Google Fonts tana iya kawo yanka ɗaya tak idan ba a ambaci opsz a ciki ba. Kada kuma ki dogara da ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa karatun shafukan intanet ga kowa, ita kaɗai. Ita bambancin launi take aunawa, 4.5 da 1 ga ƙaramin rubutu, 3 da 1 ga babba, ba ta auna kaurin layi. Rubutu yana iya cin jarrabawarta ya kuma gagari karatu. Ruwan zinare a kan fari ma ko jarrabawar ba kasafai yake ci ba.

Canzawar font kuwa, ina kyautata zaton sunan Didot kawai kika rubuta a CSS. Didot da Bodoni 72 suna zuwa ne tare da kwamfutocin Apple, Windows da Android ba su da su, sai su faɗa kan wanda ke biye a jerin. Dole ki ɗora fayil ɗin WOFF2 da lasisin intanet. Tambarin kuma a sa shi SVG. A hotunan Instagram da Facebook da babu makawa sai an matse su, ki guji jan sili a kan baƙi ko shuɗi, domin matsin JPEG da na bidiyo yana rage bayanin launi fiye da na haske, jan ne ke fara narkewa.

Wani abin dubawa tun kafin a biya kuɗin lasisi: ki buga duk haruffan da rubutun zai buƙata a akwatin gwajin masu sayarwa. Fonts na kanu da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu. Idan babu, burauza za ta aro daga wani font, sai ki ga ƙ mai layi daidai a tsakiyar kalmar Didot kamar baƙo a taron dangi. Ko font ɗin yana da su, wajen rage nauyin fayil ana yawan yanke su, tunda Ɓ, Ɗ, Ƙ, ƙ suna rukunin Latin Extended-B na Unicode, ɓ da ɗ kuma suna rukunin IPA.

Hajiya Mai Tsara Mujalla:

Kowane tsuntsu ya yi kukan gidansu, bari in yi nawa. Ƙanwata, tambayarki ta ko font ɗaya zai iya ɗaukar komai ba a amsa ta sosai ba. A ɗan littafi mai shafi 24 ki ba Didone ɗin kanu da manyan lambobi da maganar da aka tsamo aka faɗaɗa, daga pt 30 zuwa sama. Gabatarwar da ke ƙasan kanu, pt 14 zuwa 18, sai da yankan tsakiya. Gundarin rubutu pt 9.5 ko 10 da tazarar layi pt 13, haruffa 55 zuwa 70 a layi, a ba wani. In kina son serif, dangin Scotch sun fi dacewa don ƙashinsu ɗaya, kaurinsu a miƙe yake: Miller na Matthew Carter misali ne, kuma yana da nasa yankan rubutu da na kanu. In marar serif ne, Futura ko Franklin Gothic sun daɗe suna zama lafiya da Bodoni. Wanda ba na so shi ne Garamond a ƙarƙashin Didot. Kaurin Garamond a karkace yake don daga alƙalami mai faɗin baki ya fito, sai su yi ta jayayya a shafi.

Tazara ita ce ke bambanta aikin gwani da na mai koyo. Manyan baƙaƙe zalla suna son iska, ki ba su 50 zuwa 100 a ma'aunin InDesign. Ƙananan baƙaƙe a pt 60 zuwa sama a matse su kaɗan, 10 zuwa 20 ƙasa da sifili, amma ki tsaya kafin ƙafafun su taɓa juna, don siraran serif biyu da suka haɗu layi ɗaya suke komawa. Ki bar kerning, wato tazarar da ke tsakanin harafi da na kusa da shi, a kan Metrics, tazarar da mai font ya tsara, sannan ki gyara tambarin da hannu. Ki lura da inda kaurin ya faɗa a sunan: A hagunta siririya ce damanta mai kauri, V akasin haka, N ginshiƙanta biyu sirara ne sai na gicciye mai kauri, U damanta siririya. Don haka VA tana haɗa sili biyu a gefe guda ta bar rami mai haske, AV kuma tana haɗa masu kauri biyu ta yi duhu. Ki juya takardar ƙasa a sama ki kalla daga nesa, ramukan za su bayyana. A lambobi ki kula da 4 da 7: in silin ya raunana, 4 tana kama da 1, kuma a kwalin da aka rubuta adadi wannan ba ƙaramin abu ba ne. A kan hoto, ki nemi wurin da babu hayaniya, sama ko bango. Gashi da ganye da zanen tufa suna haɗiye sili.

Sai wata magana da ba ki tambaya ba. Alaƙar wannan dangi da kayan alfarma al'ada ce da mujallu suka gina, daga zamanin Alexey Brodovitch a Harper's Bazaar, 1934 zuwa 1958, da goshin Vogue tun shekarun 1950. Harafin shi kaɗai ba ya sa kaya su yi tsada a ido. Zara, mai sayar da tufa ga kowa da kowa, da irinsa ta yi tambarinta na 2019, haruffan suna hawan juna. Manyan gidajen kuma da yawa sun bi wata hanya: Saint Laurent a 2012, Burberry da Balmain a 2018, duk suka koma marar serif mai sauƙi wanda ke jure ƙaramin allo, kafin Burberry ta dawo da serif a 2023. Playfair Display, da yake kyauta ne tun 2011, ya cika katunan gayyata da tallace-tallace har ya daina ba kowa mamaki. A ganina abin da ke nuna ƙasaita a shafi fili ne da aka bari babu komai, kalmomi kaɗan, takarda mai nauyi, da bugu mai tsafta. Idan zinare a ƙaramin kwali shi ne babban wurin da sunan zai zauna, ki gwada Walbaum, wanda ya fi faɗi da natsuwa, ko Optima na Hermann Zapf na 1958, mai kauri da siranta cikin sauƙi ba tare da serif ba. Ki ajiye su gefe da gefe da Didot a hatimin gwajin da Malam ya ce.

Mai Haruffa:

Offset Path, Malama, yana aiki ne a ɗan ƙaramin gyara kawai. Idan kin sa milimita 0.03, kowane layi ya ƙaru da 0.06, don gefe biyu yake ci. Wannan karɓaɓɓe ne ga farin rubutu a kan baƙi, yana rama abin da tawada za ta cinye. Fiye da haka sai ɓarna: ginshiƙan ma su yi kauri, idon e da a ya ƙanƙance, tazarar haruffa ta matse, harafin ya ƙara tsawo sama da ƙasa, ƙafafun su yi tsayi. Daga sili 9 zuwa abin da foyil ke so, tafiyar ta yi masa nisa. Ki ɗauko yankan ƙarami na iyalin, ko ki ja maƙallan silin da hannu zuwa cikin harafi ki bar ginshiƙin yadda yake. Matse harafi ta gefe don ya shiga wuri ma haka: ginshiƙan tsaye ne ke ramewa, layukan kwance su tsaya yadda suke, zagayen O ya lalace.

Tambarin ki yi masa fayil uku, kowanne da iyakarsa a rubuce cikin milimita: na allon talla da bangon littafi, na kwali da kati, da na murfin kwalba da ɗan hoton shafin sada zumunta. Idan za a yi surfaninsa a kyalle, na huɗu ke nan, domin injin surfani ba ya yin layin da ya gaza kusan milimita 1 da kyau. Kafin ki taɓa siffar haruffan ki karanta lasisin. Masu lasisin kyauta na OFL, irin su Bodoni Moda da Playfair, sun yarda a yi tambari da su a kuma gyara. Na saye kuwa, wasu kamfanonin suna neman lasisin tambari daban da na kwamfuta, kuma sau da yawa mai turaren ne ya kamata sunansa ya kasance a kai, tunda shi zai ci gaba da amfani da font ɗin bayan kin miƙa aikin.